Shimfiɗar kwanan daji lokacin ɗari: wace ya kamata ka saya?

Wa alaikumus salam ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ƙarshen Disamba za ku fita aikin rigakafin dabbobi wajen Dakoro har Bermo, kwana a fili, bara da tabarmar roba da bargo biyu ka tafi amma da asuba ta kawo sai sanyi ya hana ka barci kuma ka tashi da ciwon kwankwaso, yanzu wani ya ba ka shawara ka sayi katifar iska irin babbar nan da ake hurawa da famfo, kana so ka ji ko ita ce magani. To aikina kenan, ni ke haɗa ma ƴan aikin foraj, wato masu haƙar rijiya da inji, kayan kwana in za su daji kuma tare muke kwana da su, don haka bari in yi maka bayani a tsanake.

Kar ka sayi waccan katifar. Tana da laushi, wannan ba musu, amma wajen sanyi ba abin da za ta tsinana maka, wani sa'in ma sai ka fi jin ɗari a kanta.

Abin da ya same ka bara ba ƙarancin bargo ba ne, ƙasa ce ta sha ɗumin jikinka. Jikin mutum yana kan digiri 37, a nan Maradi kuwa daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen 12 zuwa 14, can arewa a fili inda ba gini ba katanga ga iskar hunturu, abin ya fi haka cizo. Rairayi da rana zafi rau, amma da rana ta faɗi sai ya saki zafin nan da nan saboda sama tarwai take ba girgije kuma iskar busassa ce, shi ya sa farkon dare kake jin daɗin kwanciya, sai can wajen ƙarfe huɗu zuwa kiran salla ka farka kana makyarkyata, don lokacin ne ƙasa ta kai ƙarshen sanyinta. Kuma duk abin da jiki ya taɓa kai tsaye ya fi iska saurin janye zafi, ka taɓa bokitin ƙarfe da ƙwarya da safe, tare sunka kwana waje amma ƙarfen ne zai cije maka hannu. Shi bargo ba shi da wuta a ciki, iskar da ta maƙale tsakanin gashinshi ita ke tsare ɗumi, to wanda ka shimfiɗa ƙasa ka hau kai nauyinka ya matse shi iskar ta fita, ya zama ƙyalle kawai. Ita ko tabarmar roba kaurinta bai wuce milimita 2 ko 3 ba, aikinta ta raba ka da ƙura, shi kenan. Ko bargo biyar ka lafta a sama, bayanka da kwankwasonka suna nan suna ba ƙasa zafi har gari ya waye.

Babbar katifar iska kuma matsalarta daban. Cikinta fanko ne, santimita 20 ko fiye na iska ba komai da ke tsare ta wuri ɗaya, duk juyin da ka yi iskar na zagayawa, wadda ka ɗumama ta tafi wata mai sanyi ta zo, ga gefunanta a buɗe hunturu na kaɗa su dare farai. Jikinka ba zai iya ɗumama wannan iskar duka ba. An yi ta ne don baƙo ya kwana cikin ɗaki. Ga nauyi, ga famfo da sai ka ɗauka, kuma ranar da ƙaya ɗaya ta shige ta a ƙasa za ka wayi gari.

Masu yin kayan kwanan daji suna da ma'auni da suke rubutawa jikin shimfiɗa, harafin R da lamba a gabanshi, yana nuna yadda shimfiɗar ke hana zafi wucewa, lamba babba tsari babba. Da can kowane kamfani da yadda yake auna nashi, sai a 2018 anka fito da gwaji guda mai suna ASTM F3340 a Amurka, daga 2020 manyan kamfanoni sunka koma kanshi. In ka ga lambar R tare da wannan sunan to ka yarda da ita, in ko lamba ce kawai anka buga jikin leda ba sunan gwajin, ka ɗauke ta maganar ɗan kasuwa. R 1 zuwa 2 na daren da ba sanyi ne, 2 zuwa 4 na sanyi matsakaici, daga 5 zuwa sama na masu kwana kan ƙanƙara ne. Katifar iska fanko wajen 1 take ko ƙasa da haka. Kai da za ka Dakoro da Bermo R 2 zuwa 3 ya ishe ka, wanda zai hau duwatsun Ayar wajen Bagazan da tsawonsu ya haura mita 2000, ko zai Bilma inda wani sa'in sanyin dare ke kai ruwa ya daskare, shi ne zai nemi 4. Abin da na fi so ka riƙe game da lambar nan shi ne ana tara ta, in ka ɗora mai R 2 kan mai R 1 ka samu 3. Wannan shi ke ba talaka dama, ba dole sai ka sayi abu ɗaya mai tsada ba, kana iya haɗa biyu ko uku masu araha su yi maka aikin.

Yanzu ga abin da ke akwai. Na farko roba mai toshasshen ciki, irin wadda ake yin silifa da ita, wata ana naɗe ta wata ana ninke ta falle-falle. Cikinta ƙananan ƙwayoyin iska ne kowace a rufe, ba ta shan ruwa, ba ta sacewa don ba a hura ta, ko ƙaya ta soke ta ka zare ka ci gaba da kwanciya. Wadda ta yi suna ita ce Z Lite Sol ta kamfanin Therm-a-Rest, kaurinta santimita 2, R ɗinta 2, nauyinta gram 410, bai kai rabin kilo ba. Ba sai ka samu wannan sunan ba, ka zaga babbar kasuwa wajen masu gwanjo da masu kayan wasanni, ka leƙa masu sayar da kayan ɗinkin takalma don suna da falle-fallen robar nan ana yanka maka tsawon da kake so. Yadda za ka gane ta, ka ɗiga ruwa a kai, in ya tsaya bai shige ba to ita ce, ko ka kafa baki ka hura, in iska ta wuce ɗaya gefen soso ne ba ita ba. Ka nemi kauri aƙalla santimita 1, in siririya ka samu ka sayi biyu ka haɗa. Tabarmar motsa jiki da ake sayarwa mai milimita 4 zuwa 6 ba ta isa ita kaɗai. Aibinta ɗaya, tauri, mai kwanciya ta gefe zai ji ƙasa a kwankwaso, zan zo kan wannan.

Na biyu wadda ke hura kanta. Soso ne a cikin riga mai tsare iska, ka buɗe bakin sai soson ya kumbura ya ja iska da kanshi, ka ƙara mata huri biyu uku ka rufe. Injiniyoyin da sunka bar aiki a kamfanin jiragen Boeing ne sunka ƙirƙiro ta a Seattle farkon shekarun 1970, daga nan Therm-a-Rest ta samo asali. Mai kauri santimita 3 zuwa 5 tana ba da R wajen 3 zuwa 4, ga laushi, kuma ko ta huje soson na nan ba ka koma ƙasa tsirara ba. In aljihu ya yarda ita nake so ma mutum, amma da sharaɗi, sai an sa mata wani abu a ƙasa.

Na uku ta iska siririya ta masu hawan dutse, wadda anka sa ma zare ko falle mai ƙyalli a ciki don tsare iskar. Wannan tana da ɗumi na gaske, akwai mai R sama da 7 kuma in ka naɗe ta ba ta fi gorar ruwa ba, sai dai kuɗinta ya haura Yuro 200, sama da jika 130 na sefa kenan, kuma fatarta siririya ce ƙwarai don an yi ta ne kar ta yi nauyi a baya. Ba don ƙasarmu anka yi ta ba.

Dalili kuwa ƙarangiya. Duk wanda ya taka dajin Dakoro bayan kaka ya san abin da nake faɗi, Disamba ta bushe ta zube ko'ina, tana cikin rairayi inda ido ba ya gani, ga tsidau mai ƙaya kamar ƙusa, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa da awaki sunka karyo. Ƙarangiya ba ta fasa katifa fashewa ɗaya, ƴan ƙananan huji take yi da yawa waɗanda ba ka gani ba ka jin ƙararsu, ka kwanta lafiya lau tsakar dare ka ji bayanka ya taɓa ƙasa, kuma neman irin hujin nan cikin duhu da tocila wahala ce. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nake ce mishi ya fara da abin da ba ya sacewa, mai iska ta zo daga baya a matsayin ƙari.

Akwai na huɗu da littattafan turawa ba su cika kawowa ba amma mu nan shi munka fi amfani da shi, ƴar katifar soso irin ta ƴan makarantar kwana, mai santimita 5 zuwa 8. Ba ka faɗa mini ko da mota za ku ko da moto, wato babur, ba. In mota ce kuma akwai wuri a baya, wallahi wannan ta fi maka komai a kuɗinta, tana da ɗumi tana da laushi ba ta sacewa, kuma Disamba ba ruwan sama balle ta jiƙe. Sai dai ka zaɓi soso mai nauyi, ka sa ta ƙasa a shagon ka durƙusa kai da gwiwa, in gwiwarka ta ji siminti ka bar ta, mako ɗaya za ta lotse. Araha ba ta ado. Ka kai ma tela ya ɗinka mata riga, ƙasan da leda mai kauri ko tampol, saman da yadi, don ƙarangiya ba ta kama leda amma in ta samu yadi ko soso tsirara sai ka wuni kana tsinta. In ko moto ne, soso ya yi girma, ka ɗaure robar silifa a baya ka wuce.

Ga yadda nake jera ma ƴan aikinmu. A fara share wurin tun da sauran haske, ba da hannu ba, da tsintsiya ko reshe, a ɗebe saman rairayin kamar kaurin yatsa biyu a tura gefe. A shimfiɗa tampol ko tabarmar robar nan taka, ka ga ba ta tashi banza ba, ta fi shimfiɗar faɗi kowane gefe don bargo kar ya sauka cikin ƙaya. Sai roba, in akwai soso ko mai hura kanta a ɗora sama, sannan bargo ɗaya ka ninka biyu ka kwanta kai, ɗayan ka rufa. In ba ka samu roba ba kwata-kwata, kwali ma yana aiki sosai, ka warware kwali biyu ko uku ka jera, ramukan cikinshi iska ce a tsare. Buzun rago mai gashi shi ma abu ne mai kyau ƙarƙashin baya da kwankwaso, tsofaffinmu da ke fatauci da shi suke yawo ba don salla kaɗai ba. Buhu cike da busasshiyar ciyawa ma yana yi, amma can ciyawar duk ƙarangiya ce, sai ka duba da kyau. Kuma in kun sauka ruga ka lura da yadda Fulani da Buzaye ke yi, duk ƙaurar da suke ba su barin gado, sanduna ne ake kafawa a jera tabarmi sama, sun raba jiki da ƙasa kuma sun sa abu mai kauri a tsakani. Wannan ya kawo ni kan gadon soja mai naɗewa, yana da kyau don kunama da ƙaya amma shi kaɗai lokacin ɗari azaba ne, iska na wucewa ta ƙarƙashi, dole ka ɗora roba ko soso a kai.

Wurin kwanciya ma rabin aikin ne. Kar ka kwanta cikin kwari ko bakin tabki ko gindin rijiyar da ake shayar da dabbobi, iska mai sanyi nauyi gare ta tana gangarawa ta taru a kwari, kuma ƙasa mai laima ta fi busassa shan zafi nesa ba kusa ba, ruwa ya fi iska ɗaukar zafi sau ashirin da wani abu. Ka nemi ɗan tudu mai busasshen rairayi. Hunturu daga gabas maso arewa yake busowa, a gitta motar ta wannan gefen ku kwanta bayanta, ko a kafa zana ko tampol.

Sai ciwon kwankwason da ka ce. Ɗumi daban laushi daban, mutane na haɗa su shi ya sa suke sayen abin da bai dace ba. Mai kwanciya rigingine santimita 2 zuwa 3 sun ishe shi, mai kwanciya ta gefe, kuma yawancinmu kan hannun dama muke kwanciya, nauyinshi duka yana kan kafaɗa da ƙashin kwankwaso, yana son 5 zuwa sama. Amma mu Allah ya ba mu rairayi, kafin ka shimfiɗa tampol ka kwanta ka ga inda kwankwasonka da kafaɗarka ke sauka, ka ɗan rarake wurin da hannu zurfin yatsa uku, ka tara rairayin inda kai zai zauna. Da wannan ƴar dabarar robar santimita 2 sai ta yi maka kamar katifa, na ga dattawa masu ciwon baya sun yi barci har da minshari a haka. Ka cusa rigunanka cikin jaka ka yi matashi mai tsawon da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, in bayan na damunka ka sa wani ƙyalle tsakanin gwiwoyi. Batun girma, yawancin na kanti tsawonsu santimita 183 faɗi 51, faɗin nan ya yi ma mai jiki kaɗan, hannu na zamewa ƙasa ya yi sanyi, in kai ƙato ne nemi mai faɗin 63 ko 64. In yanka za a yi maka a kasuwa ka ce 60 zuwa 70, tsawo kuma ya kai har diddige don sanyin ƙafa shi ma yana tada mutum.

In duk da haka ranka na kan mai iska, to ga abin dubawa. Ka ga lamba da harafin D jikin bayanin yadin, kaurin zaren ne, 20D da 30D sirara ne, nemi 70D ko 75D. Ka hura ta a shagon ka hau, ka kasa kunne wajen bakin don yawancin yoyo daga nan yake farawa, in gwanjo ce ka duba ko akwai inda ta kumbura kamar ƙari, alamar mannin ciki ya saki kenan kuma ba ya gyaruwa. Kar ka hura ta tam, ka kwanta ta gefe ka riƙa sakin iska kaɗan kaɗan har kwankwaso ya kusa taɓa ƙasa amma bai taɓa ba, nan ne daidai. Wani abu da ke ruɗa mutane, ka hura da la'asar ana digiri 30 da wani abu, da asuba an koma 12, iska in ta yi sanyi tana tsukewa, za ka ga ta yi laushi ka ce ta huje alhali lafiyarta lau, ka ƙara mata iska kafin ka kwanta kawai. Juyin wannan shi ne mai haɗari, in ka bar ta a hure cikin rana ko cikin mota a rufe iskar za ta kumbura ta ɓalle mannin, da safe ka buɗe bakin ka sace ta. In ta huje, ruwan omo za ka shafa ka ga inda ke kumfa, ka yi alama, ka wanke ka bari ya bushe sarai sannan ka manna da facin da ya zo tare da ita, gam ɗin masu facin taya na roba ne ba ya kama irin wannan yadin da kyau. Mai hura kanta kuma in ka dawo gida kar ka aje ta a naɗe, ka warware ka bar bakin a buɗe ƙarƙashin gado, in ba haka ba soson zai mutu ya daina tashi.

Kuma don Allah abu ɗaya da ba na wasa da shi. In tanti gare ku ko cikin mota wani zai kwana, kar a shigo da garwashin shayi a rufe don jin ɗumi, gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum cikin barci yake wucewa. A sha shayi waje a kashe wutar. Roba da soso ma ba su shiri da tartsatsi, ka nisanta shimfiɗarka da murhu.

Kayan nan za su yi maka aiki bayan ɗari, sai dai jerin ya canza. Afrilu da Mayu ƙasa ce ke ba ka zafi, a nan tabarmar kaba kan gado mai naɗewa ta fi komai don iska na ratsa ta, roba gumi za ta sa ka, kuma lokacin ne kunama ke yawo, ka kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin ka taɓa. Damina soso ba shi da amfani a fili, robar da ba ta shan ruwa ce abokiyar tafiya, tare da sange da za ka cusa bakinshi ƙarƙashin shimfiɗa ta kowane gefe.

Duk wadda ka saya kar ka bari sai daji ka fara gwada ta. Tun da sanyi ya fara shigowa, ka fitar da ita tsakar gida ka jera yadda na faɗa ka kwana kai har asuba da bargon da za ka tafi da shi, in ka ji sanyi daga baya ka ƙara kwali ko falle ɗaya na roba, in daga sama ne to hula da safa za ka nema kafin ka ƙara bargo. Ka sanar da ni ko mota ce ko moto da kuma abin da ka samu a kasuwa, sai in ce maka ga yadda za a yanka ta. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.